Kawu In-kuma da Hayar Fili a Intanet

Duk wanda ya taɓa shiga danfo da Kawu Ɗanlami ya san ba ya zama ko'ina sai kujerar bakin ƙofa. In ya tarar wani ya riga shi, sai ya ja gefe ya tsaya, motar ta cika ta tafi, ya jira ta baya. Kwandasta ya yi ta kiran "Oshodi, Oshodi, saura mutum ɗaya" har muryarsa ta dushe, Kawu na tsaye da lema a hammata kamar ba da shi ake ba. Wata rana na gaji na ce, "Kawu, ga wuri can ciki, mu shiga mana, rana tana yi."

Ya ce, "In kuma ta kama da wuta fa?"

Na ce, "Ba za ta kama ba."

"Direban ne ya gaya miki, ko motar?"

Ku da kuka taso a Agege kun san daga irin wannan sunan ya fito. Kawu In-kuma. Yara na kiransa haka yana amsawa. Mutumin da aka haifa a Legas, ya tsufa a Legas, amma bai ƙara sa kifi a baki ba tun ranar da ya ji labarin wani a Ebute Metta da ƙaya ta maƙale wa a wuya. Bai san mutumin ba, bai ma tabbatar an yi shi ba. Iya Ladi matarsa tana nan da ranta, ku tambaye ta. Ta ce ranar da aka kawo ta ɗakinsa tana amarya, maganar farko da ya yi mata ita ce, "Waɗanda suka rako ki sun ja ƙofar zaure kuwa?"

Tun da aka yi sadakar arba'in ɗinsa mutane ke tare ni suna cewa, "Rabi, wai ya aka yi mai tsoron ƙayar kifi ya zuba jarinsa a intanet?" To, bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Goro ya gada, goro ya sayar har gemunsa ya yi fari. Abu biyu suka raba shi da sana'ar. Na farko, wata shekara sankara, tsutsar nan mai cin goro, ta shiga masa huhunan goro ta yi masa ɓarna. Na biyu shi ne yanayin gari. Kun tuna shekarun nan da soja suka koma bariki, kowa na murna, amma hankali bai kwanta ba. Yau a ji an yi rikici a wata kasuwa, gobe a ji an yi a wata unguwa. Kawu ya je jaje wurin wani abokinsa da aka ƙona wa rumfa, ya tarar da shi zaune a kan toka. Daga dawowarsa ya sa tasa rumfar a kasuwa.

Sai kuɗin suka zame masa ciwo. Ya kai banki, in kuma bankin ya rufe fa, kamar waɗanda suka rufe da kuɗin mutane a baya? Ya bari a gida, in kuma ɓarayi suka ji ƙamshi fa? Mutum ya rame, wuya ya yi tsawo, Iya Ladi ta ce ko ƙadangare ya motsa a kan kwano sai ya miƙe zaune.

Ni kuwa, 'yar ƙanwarsa, na gama makarantar koyon kwamfuta ina aiki a wani shago a Ikeja, inda ake buga takardu ana aika wa mutane imel. A nan na san Kunle, shi ke gyara mana na'urori. Shi ya fara kawo maganar. Ya ce akwai manyan kwamfutoci a Amurka da ba a kashe su dare da rana. Mutum zai kama fili a cikin ɗaya yana biyan haya da dala, sai ya yanka filin ƙanana-ƙanana ya ba kamfanoni da makarantu haya, su ajiye shafukansu yadda duk wanda ya shiga intanet zai gani. Mu za mu tsara musu shafin, mu yi musu rajistar suna, su biya mu da naira shekara-shekara. Yayansa da ke can zai riƙa biya mana da katinsa, mu aika masa da dala. Kunle na da ilimin, ni ina da baki da ƙafa. Jari ne babu.

Mahaifiyata ta ce in gwada yayanta. Na yi dariya. Ta ce, "Je ki dai, ko ba komai kin sha labari."

Na same shi a tsakar gida na yi masa bayani tiryan-tiryan. Yana saurare yana kallon katanga. Da na gama ya ce, "Kayan suna ina?"

"Amurka, Kawu."

"Ba a Agege ba?"

"Ko kusa."

"In aka sa wa shagon wuta?"

"Kujeru ne za su ƙone. Kayan suna can."

"Ruwa na taɓa su? Sankara fa?"

"Babu ruwa, babu sankara."

"'Yan iskan gari za su iya ɗauka su gudu?"

"Babu abin ɗauka, Kawu. Ko ni ban taɓa ganinsu da ido ba."

Ya ɗauke ido daga katanga ya dube ni. Can ya ce a hankali, "Shekara da shekaru ina neman sana'ar da babu kaya a cikinta." Ya ce in kawo masa yaron.

Ranar da Kunle ya zo da takarda da biro, Kawu ya ce ya mayar aljihu, wai abin da aka rubuta ɓarawo ma na iya karantawa. Ya sa Iya Ladi ta kawo faranti da ragowar goronsa. Jan goro abin da zai fita, fari abin da zai shigo. Da Yarabanci suke magana, don kun san Yarabancin Kawu ya fi na Kunle daɗi.

Kunle ya fara faɗa, Kawu na ɗora ja. Hayar filin Amurka. Rajistar sunaye. Layin waya, wanda a lokacin sai ka san wanda ya san wani, kuma in babu shi, babu hanyar aika shafi. Hayar shago, kun san mai gida a Legas, shekara biyu zai ce a ba shi a dunƙule, ga kuma rabon dillali. Kwamfuta, janareta, man janareta, albashina da na Kunle, kuɗin motar yawon neman kwastoma. Kunle ya ce shi ke nan.

Kawu ya ce, "Shi ke nan a ina? Zauna, ɗana."

Ya ɗora na gyaran janareta. Ya ɗora na gyaran abin da mai gyara ya ɓata. Ya ɗora na ɓera, wai ɓeran Agege waya yake ci. Ya ɗora na 'yan tasha masu zuwa karɓar na shayi. Ya dubi Kunle sama da ƙasa, ya ƙara ɗaya.

Kunle ya ce, "Baba, wannan na mene ne?"

"Na aurenka. In kuma ka auro wadda ba ta son ka yi aiki da mace fa?"

Ya sake ɗaukar wani ƙato ya ɗora a sama. Na ce, "Kawu, wannan fa?"

"In kuma Amurka ta tashi fa?"

"Ta tashi ta je ina?"

"Ni ma da an ce mini soja za su tashi, cewa zan yi su je ina."

Jan goro ya yi tsauni, fari ya zama kamar abin sadaka. Ni a kaina riba kawai nake gani, ban taɓa ganin kuɗin kashewa a tare wuri ɗaya ba. Kunle ya yi ƙarfin hali ya bayyana masa cewa hayar filin ba ta ƙaruwa don kwastoma sun ƙaru. Shekarar farko in an yi sa'a a mayar da abin da aka kashe, duk wanda ya zo bayan haka kusan riba ne zalla. Kawu ya juya maganar, ya juya, sannan ya zaɓi wani ɗan farin goro ya ajiye shi can gefen faranti shi kaɗai. Ya ce wannan ita ce ribar shekara ta biyu, in Allah ya kai mu, in ba a yi komai ba.

Sai ga sallamar Malam Buba tela, maƙwabcinsa. Ya shigo, ya gaisa, ya zauna, ya miƙa hannu ya ɗauki goron da ya fi kusa da shi, ya ɓare ya jefa a baki. Muka zuba masa ido. Ana jin ƙarar taunarsa.

Kawu ya ce, "Buba, ka san abin da ka ci?"

"Goro mana."

"Ribar shekara ta biyu ka ci."

Malam Buba ya haɗiye ya ce, "Ashe shi ya sa na ji ta ƙarama."

Kawu ya ɗauki abin a matsayin ishara. Sai da mahaifiyata ta zo da kanta ta yi masa magana kafin ya yarda a ci gaba.

An kama shago kusa da layin dogo, an biya haya, na ajiye aikina na Ikeja. Saura sayen dala. A nan na san ban san Kawu ba.

Kullum da safe sai ya shiga danfo ya tafi wurin 'yan canji, wurin wani Alhaji Mamman mutumin Maraɗi. Ya gaishe shi, ya tambayi farashi, ya girgiza kai ya dawo. Wai jira yake ta sauko. Dala kuwa kamar ta ji labarinsa, kullum sai ta ƙara taku ɗaya. Har 'yan canjin suka saba, da sun hango lema sai su ce, "Ga mai dubiya ya iso."

Kawu ya ce, "Alhaji, ya jikin nata?"

Alhaji Mamman ya ce, "Bon, Malam Ɗanlami, jiki alhamdu lillahi. Jiya ma ta ƙara ƙiba."

Yanzu ne nake ba ku labarin ina dariya. A lokacin ko tuwo ba ya wuce mini. Hayar shago tana tafiya, ba ni da albashi, Kunle ya fara cewa an yi masa tayin aiki a Apapa. Na yi wa mutane alkawarin shafi, suna ganina a hanya ina sauya layi. In na tuna kuɗin nan su ne duk abin da tsohon nan ya tara a rayuwarsa, kuma bakina ne ya fito da su, sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Na je na sami Iya Ladi a madafa na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Share fuskarki. Ba a yi wa kawunki gardama. Da sandarsa ake dukansa."

Washegari ta ajiye masa koko da ƙosai, ta juya kamar za ta fita, sai ta ce, "Malam, ni kuwa wani tunani ne ya hana ni barci. In kuma gobe dalar nan ta ninka fa?"

Ta ce ludayin da ke hannunsa ya tsaya a sama. Ko ƙosai ɗaya bai ci ba. A ranar aka ce an ga Kawu a kujerar tsakiya cikin danfo, amma ni ban gani ba, ba zan rantse ba. Ya sayo dalar shekara guda cur, wai kar ta sake tashi a kansa. Ba a rufa mako ba ta ɗan sauko. Ya kwanta da jiƙaƙƙen tawul a goshi, ya ce kar wanda ya ƙara ambaton Maraɗi a gidansa.

Aiki ya fara. Na sha yawo, na sha "sai oga ya dawo", na sha "mene ne kuma intanet?" Da ƙyar na samo wata Madam mai makarantar kuɗi a Ogba, tana son iyayen yara da ke ƙasashen waje su riƙa ganin makarantarta. Ta zo shago da jakarta, ta riga ta zuge zip. Kawu na zaune a lungu. Ta ce mini, "'Yata, abin nan dai ba shi da matsala ko?"

Na ce, "Ko kaɗan, Ma."

Kawu ya yi gyaran murya. Ya ce, "Madam, kar yarinya ta rufe ki, amana ce. Wurin da za a ajiye makarantarki babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu. Mutanen ba mu san iyayensu ba. Dala na iya tashi, layi na iya yankewa, wannan yaron na iya yin aure. Ke kanki, Allah ya ba ki tsawon rai, in kika faɗi kika mutu, wa zai ci gaba da biya?"

Madam ta dube shi, ta dube ni, ta mayar da zip ta ja. Har ƙarar takalminta ina iya tunawa.

Ranar na manta da girma na ce, "Kawu, in akwai kwastoma a ciki, kai kana waje." Bai yi musu ba. Ya sa aka kawo masa benci ya kafa a ƙofar shago, ya ce dama wurin na buƙatar mai gadi. Amma abin ya dame shi, don bayan 'yan kwanaki sai ga shi da kwastoma na kansa, wani Alhaji Sule dillalin raguna daga Alaba Rago. Wai yana son manyan mutanen Ikoyi su ga ragunansa a kwamfuta kafin Babbar Sallah. Muka je muka ɗauki hotuna, Kunle ya tsara shafi mai kyau. Da aka zo biya, Alhaji Sule ya ce kuɗinsa duk suna kan kaya, sai dai ya ba da rago.

Na ja Kawu gefe na ce, "Amurka ba ta karɓar rago."

Ya ce, "Ke yarinya ce. Kafin Sallah rago ya fi dala gudu. Mu riƙe shi mu sayar ranar jajibere."

Aka ɗaure rago a bayan shago. Kawu ya samu sabon abin damuwa. In ragon ya yi tari ya ce ciwon huhu ne, in ya kwanta ya ce ya mutu, in ya tashi ya ce ɓarawo ya gani. Dusa da harawa kullum daga aljihunsa. Ana saura kwanaki kaɗan Sallah, Kunle ya zo aika wani shafi, layi shiru. Ya duba kwamfuta, ya duba akwatin waya, ya zagaya baya. Ga rago tsaye, wayar tarho na lilo a bakinsa kamar taliya. Kafin a samo masu gyara, a ba su haƙuri, a ba su na mota, a ba su na ruwa, kuɗin ragon sun tafi har da ƙari.

Kawu ya tsaya yana kallon dabbar, hannu a baya. Ya ce, "Laifina ne. Na sa na ɓera, ban sa na rago ba." Ya ƙi sayar da shi kuwa. Ya yi layya da shi, yana cin tsire yana cewa yau dai ya ɗanɗana ribar intanet, kuma da ɗan warin roba.

Sannu a hankali muka samu mutane: wani mai fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, wani ƙaramin asibiti, masu shirya tafiya aikin hajji. Ba mu kai inda Kunle ya ce ba, amma muna numfashi. Kunle na kwafe shafin kowa a ƙananan faya-fayai saboda tsaro. Kawu ya ce ba za a bar su a shago ba, shi zai riƙa ajiyewa. Muka ga ai babu wanda ya fi shi iya ajiya, muka ba shi.

Sai ranar da ba zan manta ba. Muka wayi gari duk shafukan sun ɓace. Ka buga sunan asibiti, babu. Ka buga na 'yan hajji, babu. Kunle ya aika imel Amurka, shiru. Ya kira yayansa, ba a ɗauka. Wayar shago kuwa ta ƙi yin shiru, kowa na tambayar ina kuɗinsa suka tafi, wani har yana ambaton 'yan sanda. Aka kwana, aka tashi, babu labari. Kunle ya ce in abin ya ƙi, mu nemi wani wuri mu sake ɗora komai, a kawo faya-fayan.

Abin mamaki, Kawu ranar fuskarsa wasai. Kun san mai jiran masifa, in ta zo sai ya ji kamar baƙon da ya daɗe yana tsammani ne ya iso. Ya ce, "Ai na sa goronta a faranti. Amurka ta tashi. Ku kwantar da hankalinku." Ya tafi gida ya dawo da kwando a rufe, yana tafe yana taƙama. Ya buɗe. Ɗanyen ganye ne irin wanda ake naɗe goro, a jiƙe sharkaf. Ashe kowane faifai sai ya naɗe shi da kyau, kuma duk bayan kwana biyu yana yayyafa musu ruwa kar su bushe. Kunle ya ɗaga ɗaya, fumfuna ta yi masa gemu.

Kunle ya zauna a ƙasa ya dafa kai. Kawu ya ce, "Ban da ni, da tuni sun yi ƙwari."

Ban samu damar yin kuka ba, don a daidai lokacin muka ji ana ta jan ƙofofin shaguna. Wata mai abinci ta wuce a guje da tukunya a ka. Aka ce an fara rikici a wata unguwa, an ce an taɓa namu, an ce abin na tahowa. Babu wanda ya gani, kowa an ce. Na leƙa na hango samarin unguwa sun taru a mararraba, wasu da sanduna. Na juyo na dubi Kunle. Shi kaɗai ne Bayarabe a layin, gidansu kuma sai an ratsa mararrabar an tsallake layin dogo.

Walwalar Kawu ta ɗauke. Na tabbata gida zai gudu ya sa sakata, kuma da ya yi ba zan ga laifinsa ba. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya jefa wa Kunle, ya cire hularsa ya kifa masa. Kunle dogo ne, rigar ta tsaya masa a gwiwa.

Ya ce, "Daga yanzu kai kurma ne, sunanka Audu. Ko an zagi uwarka kar ka juya. Rabi, kulle shago ki bi ta lungu ki tafi gida."

Na ce, "Kawu, kai fa?"

"Ni na ce a kawo mini shi. In aka taɓa shi me zan ce wa uwarsa?"

Ban tafi gida ba, na bi su daga nesa. Tsoho da singileti, kai ba hula, ya riƙe hannun ƙato gam, lema a ɗaya hannun. Suna isa mararraba, tun ba a tambaye shi ba, Kawu ya ce, "Ɗan ƙanena ne daga gida, kurma ne, ba ya ji."

Samarin suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Kawu, ba Kunle mai intanet ba ne? Yaushe ya kurmance? Jiya fa ya buɗe mini imel."

Kawu ya ce, "Yau da safe."

Dariya ta ɓarke har da masu sanduna. Biyu daga cikinsu ma suka raka su zuwa layin dogo. Kawu bai saki hannun nan ba sai a ƙofar uwar Kunle. Matar ta durƙusa tana godiya, ta ce ba zai koma shi kaɗai ba, ta haɗa shi da ƙaninta. Da suka iso bakin unguwarmu mutumin zai juya, Kawu ya ce in kuma aka tare shi a hanya fa, ya sake raka shi. Shi ma mutumin ya ce bai yarda Kawu ya koma shi kaɗai ba. Suka yi ta kai da kawo har la'asar, daga ƙarshe suka rabu a tsakiyar layin dogo, kowa na waiwayen ɗan'uwansa.

Allah ya tsare, ranar ko kaza ba a taɓa ba a Agege. Washegari kuma shafuka suka dawo da kansu, babu abin da ya ɓata, da 'yar wasiƙar ban haƙuri daga Amurka wai wata na'ura ce ta lalace. Kwastoma biyu suka tafi ba su dawo ba. Ƙarshen shekarar da ƙyar muka haɗa kuɗin sabunta hayar filin Amurka, sai da na sayar da 'yan kunnena. Ban gaya masa ba, don na san zai kwanta da tawul.

A shekara ta biyu ciwo ya kama shi. Aka kwantar da shi a babban asibitin nan da ke Idi-Araba, bayan ya sa an sauya masa gado zuwa na bakin ƙofa. Na je dubiya ranar da muka rufe lissafi, na sunkuya na ce, "Kawu, an biya kowa, an biya Amurka, kuma akwai saura. Ba yawa, amma riba ce."

Ya ware ido ya duba gadon dama da na hagu. Ya ce, "Yi a hankali. Yanzu masu haraji za su ji."

Can kuma ya ce, "Kina cin abinci kuwa? Kin rame." Na ce ina ci. Ya ce, "Ki riƙa ci. Damuwar ki bar mini, ni na iya ta."

Bai kai damina ba. Da aka zo haɗa shi, Iya Ladi ta buɗe akwatinsa ta fito da likkafani biyu da ya saya tun da jimawa. Liman ya ce, "Biyu kuma?" Ta ce wai ko ɗaya zai gajarta. Mutane na hawaye suna danne dariya.

Bayan an gama wanka aka kira ta ta yi masa sallama, na riƙe ta muka shiga tare. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce mini a hankali, "Rabi, dubi goshinsa. Tun ina yarinya nake tare da shi, yau na fara ganinsa a sake."

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanlami, ya yafe masa kurakuransa. Ya yi rayuwarsa a tsorace, amma tsoron bai taɓa sa ya saki hannun wani ba. Allah ya haskaka makwancinsa, ya saukar da shi inda babu fargabar gobe, ya bar shi ya yi barci mai nauyi. Amin.